"Ina Zuwa": Maganganunmu Na Yau Da Kullum A Kunnen Masu Lalurar Otizim

 Muna roƙon ku ba mu aron hankalinku na ɗan lokaci. In da akwai wani a cikin wannan zaure da zai tsaya yana tunanin yadda ake ba da aron hankali, da kuma ranar da za a mayar masa da abinsa, to, a kansa ne da ire-irensa za mu yi magana yau.

Batunmu shi ne maganganun nan na yau da kullum, waɗanda muke furtawa tun daga asuba har kwanciyar barci ba tare da mun tsaya mun dube su ba. Mutum zai miƙe a cikin jama'a, ya sa takalmansa, ya doshi ƙofa, sa'an nan ya waiwayo ya ce, "Ina zuwa." Ba wanda zai ce masa kanzil, domin kowa ya san tafiya ce zai yi, kuma mai yiwuwa ne ba za a sake ganinsa ba sai wanshekare. Amma a gidajenmu da azuzuwanmu da ma'aikatunmu akwai mutanen da in aka ce musu "ina zuwa" sai su zauna jiran zuwan, in aka ce "minti biyu" sai su dubi agogo. Da yawansu masu lalurar nan ne da likitoci ke kira otizim. Abin da muke so mu tabbatar a gabanku shi ne, rabin ma'anar maganarmu tana cikin wata yarjejeniya ce da ba a taɓa rubutawa ba, kuma zalunci ne a hukunta mutum a kan yarjejeniyar da ba wanda ya karanta masa.

Mece ce otizim?

Lalurar otizim wani bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun daga ciki da ƙuruciya, kuma mutum yana tare da ita iyakar rayuwarsa. Alamunta sukan bayyana ta fuska biyu. Ta farko ita ce wahalar cuɗanya da musayar magana irin wadda jama'a suka saba. Ta biyu kuwa ita ce son a bi tsari ɗaya kullum, da maimaita waɗansu motsi ko kalmomi, da zurfafa sha'awa a kan abu guda, da jin ƙara ko haske ko taɓi ba kamar yadda sauran mutane ke ji ba. Masu ita ba ɗaya suke ba. Akwai wanda ba ya magana sam, yana bukatar mai kula da shi dare da rana. Akwai kuma wanda ke zaune a aji ɗaya da mu, yana kayar da mu a jarrabawa. Binciken masana ya nuna gado yana da babban kaso a sababinta. Ba rashin tarbiyya ke kawo ta ba, ba kuma allurar rigakafi ba, domin takardar da ta yaɗa wannan zargi a Ingila a 1998, mujallar da ta buga ta ta janye ta a 2010.

Waɗansu kafofin watsa labarai na Hausa sukan kira ta galahanga. Mu dai za mu bar ta da sunanta na likita, saboda wannan kalma a bakin jama'a ta haɗa lalurori dabam-dabam a kwando ɗaya, ga kuma ƙanshin raini a cikinta. Kada kuma wani ya ɗauka cutar Turawa ce. Tun a 1978 wani masani, Victor Lotter, ya buga sakamakon binciken da ya yi a waɗansu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya da Gana, ya kuma sami yara masu alamunta. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙiyasin cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. In muka ɗauki wannan ƙiyasi muka aza a kan makarantar firamare mai yara 1,000, za mu sami kimanin yara 10 ke nan.

Matsalar magana ta fito fili tun a bayanin farko da ya shahara. A 1943 likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins da ke Amurka ya yi bayanin yara 11 da ya duba. Na farkonsu, Donald, mahaifinsa ya so ya koya masa cewa "i", sai ya tambaye shi ko yana so a ɗora shi a kafaɗa, in yana so ya ce "i". Yaro ya ce "i", aka ɗora shi. Daga ranar sai ya ɗauka ma'anar "i" ita ce a ɗora shi a kafaɗa. Wani kuma daga cikin yaran, da mahaifinsa ya ce hotuna suna kan bango, sai ya gyara masa ya ce kusa da bango suke. Ku lura, jama'a, ba wauta a nan ko kaɗan. Yaran sun riƙe kalma ne da ƙarfi a daidai inda suka same ta.

Wani masanin falsafa ɗan Ingila, Paul Grice, ya bayyana a wata maƙala da aka buga a 1975 cewa mai sauraro ba ya tsayawa a kan abin da aka faɗa, yakan lissafo abin da ake nufi ta hanyar duban wuri da hali da niyyar mai magana. Idan baƙo ya ce, "Kai, ɗakin nan da sanyi yake," mai gida ya san taga ake so ya rufe. Yawancinmu muna yin wannan lissafi cikin ƙiftawar ido, ba mu ma san mun yi ba. Mai otizim kuwa sau da yawa sai ya bi shi daki-daki kamar mai warware lissafi a allo, ga shi hira ba ta jiran kowa. To, bari mu ɗauki Hausarmu mu ga yawan lissafin da take ɗora wa mai sauraro.

Tambayar da ba a son amsarta

Mu fara da gaisuwa. Ina kwana? Lafiya lau. Ina gajiya? Ba gajiya. Ina labari? Sai alheri. Yaya jiki? Da sauƙi. Duk waɗannan suna da siffar tambaya, amma an riga an yanke amsarsu tun kafin a haife mu. Wanda ya kwana yana juyi saboda ciwon haƙori, "lafiya lau" zai ce. A ce yaro mai otizim aka tambaye shi, "Ina gajiya?" ya ce tana ƙafafunsa, sai a fashe da dariya, a mai da shi abin ba da labari a zaure. Shi kuwa abin da aka tambaye shi ya amsa.

Haɗarin yana gaba. Idan aka matsa masa har ya hardace cewa amsar "yaya jiki" ita ce "da sauƙi", to, ranar da likita ya yi masa wannan tambaya a asibiti, ita zai bayar ya yi shiru. Sauran marasa lafiya sun san bayan "da sauƙi" sai a ce "amma fa", a zayyana ciwo. Shi ba wanda ya gaya masa akwai wurin da gaisuwa ke komawa tambaya ta gaske.

Haka abin yake ga lokaci da alkawari. "An jima" tana iya zama sa'a ɗaya, tana iya zama mako. "Nan kusa ne" tana iya zama tafiyar rabin yini. "Ka dawo gobe" da "za mu duba" sau da yawa "a'a" ce aka naɗe cikin ladabi. Mun riga mun faɗa cewa masu wannan lalura sun dogara ƙwarai ga tsari, sanin abin da zai biyo baya shi ke kwantar musu da hankali. Saboda haka uban da ya ce wa ɗansa, "Gobe zan kai ka kasuwa," don kawai yaro ya daina kuka, ya kafa wa yaron ginshiƙi ne ya kuma zo ya tumɓuke. Kukan da za a sha gobe ya ninka na yau, kuma sunan da za a ba shi shi ne rigima.

Ci da sha da ji

Kowa a nan ya san aikin da Bahaushe yake sa kalmar "ci" da kalmar "sha". Ana cin jarrabawa, ana cin bashi, ana cin amana, ana cin fuska, ana cin kasuwa. Ana shan iska, ana shan wahala, ana shan kashi, ana shan rana. Masana harshe biyu, Philip Jaggar da Malami Buba, sun nuna a wani nazari da aka buga a 2009 cewa akwai tsari a cikin abin: "ci" ta fi karkata ga wanda ya yi rinjaye, "sha" kuwa ga wanda abu ya auka wa. Mu da muka tashi cikin harshen mun ɗauki wannan tsari ba tare da an zaunar da mu ba. Sa'an nan ga sassan jiki: kama bakinka, zuba ido, kasa kunne, ɗaure fuska, ja masa kunne. Da yawa daga manyan masu otizim sun bayyana cewa hoton kalma ne ke fara faɗo musu a rai kafin ma'anarta. Farfesa Temple Grandin ta Amurka, wadda ita kanta mai otizim ce kuma masaniyar kiwon dabbobi, ta buga littafi a 1995 tana bayanin cewa da hotuna take tunani. Ku kwatanta hoton da "ya ci fuskata" zai haifar a zuciyar yaro ɗan shekara 6.

Sai dai irin waɗannan su ne masu sauƙi, domin ma'anarsu a tsaye take. Wanda aka bayyana wa "cin amana" sau ɗaya ya sani ke nan, kuma da yawa daga masu otizim sukan ƙware a karin magana har su fi mu jin daɗin wasa da kalmomi. Wadda ta fi ɓarna ita ce 'yar kalmar nan "ji". A Hausa ji yana nufin sauraro, yana nufin fahimta, yana nufin biyayya. Idan uwa ta gama jero umarni ta ce, "Ka ji?" yaro ya ce, "Na ji," ita ta ɗauka ya gane kuma ya yi alkawari, shi kuwa abin da ya tabbatar mata shi ne sauti ya shiga kunnensa. Da aiki ya ɓaci sai a ce yaron nan ba ya jin magana. In ya buɗe baki ya ce ai yana ji, sai a ƙara masa da laifin tsaurin ido.

Gatse da tambayar faɗa

A nan ne bulala ta fi sauka. Gatse shi ne a faɗi abu ana nufin kishiyarsa, kuma murya da fuska ne kaɗai ke nuna haka. To, karanta murya da fuska yana daga cikin abubuwan da suka fi ba masu otizim wuya. Yarinya ta zubar da rabin miya, uwa ta ce, "Kin kyauta! Zubar da sauran mana." Ta kuwa tuntsurar da tukunya. Malami ya ji ɗalibi ya yi gunaguni, ya daka tsawa, "Me ka ce? Sake faɗa in ji!" Duk ajin sun san wannan gargaɗi ne, amsarsa ita ce shiru da sunkuyar da kai. Wannan ɗalibi kuwa sai ya maimaita abin da ya ce dalla-dalla, da ƙarfi yadda malam zai ji sosai, tun da shi aka nema. "Sau nawa zan gaya maka?" Sai ya ce sau uku. "Ba ka da ido ne?" Sai ya ce yana da su. A idon malami wannan fitsara ce da ba a taɓa gani ba. A zuciyar yaro kuwa, an tambaye shi ya amsa, an umarce shi ya bi, sa'an nan an doke shi. Yaron da ake duka a kan biyayya, wane darasi muke tsammani zai ɗauka? Abin da zai koya shi ne magana tarko ce, mafita ita ce a daina yin ta.

Habaici da gugar zana ma haka. Mai yin habaici yana so a gane ba tare da ya ambaci suna ba. Wanda aka yi dominsa in mai otizim ne, sai ya wuce abinsa bai san an yi ba, a kuma ce ya raina mutane.

Kunya, tayi da sakaya

Al'adarmu ta ɗora kunya da kawaici a matsayi babba, kuma da su zaman tare yake daɗi. Amma ku dubi yadda suke aiki a wajen tayi. Mai cin abinci ya ga mai wucewa ya ce, "Bismilla." Abin da ake jira shi ne, "Na gode, a ci lafiya." Wanda ya ɗauki tayin da gaske ya wanke hannu ya zauna, an sa masa sunan makwaɗaici. Juya abin kuma: baƙo ya ce, "Na ƙoshi," yana jiran a matsa masa sau biyu ko uku, sai saurayin gida ya ɗauke kwano ya mayar ciki, tun da baƙo ya ce ya ƙoshi. Nan kuma ya zama marowaci. Laifinsa a duka biyun ɗaya ne, watau ya gaskata abin da aka gaya masa.

Sakaya kuwa takan kai ga abin tausayi. Muna cewa wance ta sauka, wane ya kewaya, wane ya riga mu gidan gaskiya. Idan aka yi rasuwa, sau da yawa akan ce wa yara, "Baba ya yi tafiya." Sauran yara da sannu sukan tsinci gaskiya daga hawayen manya da zaman makoki. Wannan yaro kuwa yana iya ɗaukar watanni yana tsayuwa a ƙofar gida da yamma, domin duk wanda ya yi tafiya yakan dawo. Ranar da ya gane, baƙin ciki biyu zai haɗa, na rashin uba da na cewa mutanen da ya fi amincewa da su sun gaya masa abin da ba haka ba.

Sai kuma wasan barkwanci, irin na jika da kaka, da na taubasai, da na Kanawa da Zagezagi, da na Fulani da Barebari, da na Gobirawa da Yarabawa. Al'ada ce mai daraja, har hukumar UNESCO ta sa irinta ta Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada a 2014. Amma tushenta shi ne a faɗi magana mai zafi ba a nufin ta. Kaka ta ce wa jikanta, "Na sake ka, na sami sabon miji," ko abokin aiki ya ce, "Kai ai bawana ne." In ba a zaunar da mai otizim an bayyana masa dokar wasan ba, ko dai ya ji ciwo na gaske, ko kuwa ya kwaikwayi wasan ya kai shi inda ba a yi, ya faɗa wa shugaban sashe abin da ake faɗa wa taubashi.

Maganganun da ake jifansu da su

Waɗanda muka lissafa suna rikitarwa ne. Akwai kuma masu ɓata rai, waɗanda masu lalurar da iyayensu suke sha kullum. "Ai ba ka yi kama da masu ita ba." Mai faɗa yana ganin yabo ya yi, alhali ya ƙaryata mutum ne a kan halin da yake ciki, lalurar kuwa ba ta da kama a fuska. "Ai kowa ma yana da tasa." Wannan tana share wahalar da mutum ya kwashe shekaru yana fama da ita. "Sangarta ce, a bar mini shi mako ɗaya." Wannan wuƙa ce a zuciyar uwa. "In ya girma zai daina," ko "A yi masa aure zai warware." Waɗannan suna jinkirta taimakon da ya kamata a nema tun da wuri. "Iska ce ta taɓa shi." Wannan ta sa an kai yara da yawa inda aka wahalshe su. Akwai kuma tsayawa a gabansa a tambayi na kusa da shi, "Yana gane magana kuwa?" Rashin iya furta magana dabam, rashin fahimtarta dabam, kuma da yawa daga waɗanda ba sa magana suna jin duk abin da ake faɗa a kansu.

Sai "Dube ni in ina yi maka magana!" Haɗa ido yana takura da yawansu, har yakan hana su sauraro. Abin sha'awa, tarbiyyarmu ta gargajiya ta yi musu sauƙi a nan, domin sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne a wurinmu. Zaman ganawa na ɗaukar ma'aikata irin na zamani ne ya zo da ra'ayin cewa wanda bai dubi idonka ba yana ɓoye wani abu.

A ofis

Yayyenmu ma'aikata, wannan sashe naku ne, mu ma nan muka dosa. Shugaba ya ce wa sabon ma'aikaci, "In ka sami sarari ka leƙa mini fayil ɗin nan." Nufinsa yanzu-yanzu, kuma a yi aikin a gama. Ma'aikaci mai otizim bai sami sarari ba sai jibi, da ya samu kuwa ya buɗe ya leƙa ya rufe. A wajen taro shugaba ya gama bayani ya ce, "Akwai mai gyara?" Kowa ya san rufe taro ake yi. Shi kuwa ya ɗaga hannu ya nuna cewa jimlar da ke shafi na 4 ba daidai ba ce, kuma gaskiyarsa. A ƙarshen shekara sai a rubuta a rahotonsa cewa ba ya ladabi, ba ya iya zama da mutane, ƙarin girma ya wuce shi. Wani kuma ya ce masa, "A kawo na goro," ya tafi bakin titi ya sayo goro. A wannan dai muna ganin ba shi ne ya kamata ya ji kunya ba. Ba kowace sakaya ce ta ladabi ba. Wata an yi ta ne don kada a kama mai magana da abin da ya nema.

Ku tuna dokar hana nuna bambanci ga masu bukata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta wariya, ta kuma nemi ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Amma doka ba za ta iya shiga bakin shugaban sashe ta gyara masa umarninsa ba. Wannan aikin mai baki ne.

Laifin wa?

An daɗe ana bayanin wannan matsala kamar a ce gurguntaka ce a gefe ɗaya. A 2012 wani masani ɗan Ingila mai otizim, Damian Milton, ya kawo hujjar cewa rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake: kamar yadda suke kasa karanta mu, haka mu ma muke kasa karanta su. A 2020 Catherine Crompton da abokan aikinta na Jami'ar Edinbara suka jera mutane takwas-takwas, aka ba na farko labari ya gaya wa na biyu, na biyu ya gaya wa na uku, har ƙarshe. Suka tarar jerin masu otizim zalla sun isar da labari daidai da yadda jerin marasa ita suka isar. Ashe ke nan iya sadarwa yana nan, salon ne ya bambanta. Bahaushen da ya sauka a ƙasar da bai san al'adarta ba, shi ma sai ya zama abin dariya, ba kuwa don hankalinsa ya ragu a hanya ba.

A 1974 aka buga laccar Anthony Kirk-Greene a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, inda ya lissafa halaye 10, cikinsu har da gaskiya da amana da kunya da ladabi da adalci. Masu otizim da yawa an san su da faɗin gaskiya tsirara da riƙe alkawari kamar yadda aka furta shi. Jama'a kuwa sai su auna su da ma'aunin kunya da ladabi kaɗai, su ce sun faɗi. Ina adalci, wanda shi ma yana cikin goman? Donald ɗin nan da muka ambata, wanda cikakken sunansa Donald Triplett, ya yi karatu har kwaleji, ya yi aiki shekaru masu yawa a bankin garinsu, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Waɗanda suka bi tarihinsa sun nuna cewa mutanen ƙaramin garin nasu sun karɓe shi yadda yake, sun koyi yadda za su zauna da shi.

Abin yi

Ba muna kira a zubar da karin magana da barkwanci ba ne, Hausa ba tare da su ba ai miya ce ba gishiri. Kira muke a san lokacin da za a ajiye su, a kuma koyar da su ga wanda bai tsince su da kansa ba. In za mu ba da umarni, mu faɗi aikin da lokacinsa: "Ka karanta fayil ɗin nan, ka rubuta mini taƙaitawa, ka kawo kafin ƙarfe 2." In amsa "a'a" ce, mu ce "a'a" cikin mutunci. In mun yi tambaya, mu ɗan saurara, kada mu jero waɗansu uku a kanta, domin kowace sabuwa tana rushe lissafin da ya fara. Maimakon "Ka ji?" mu ce, "Gaya mini abin da za ka yi." In wasa muke, mu ce wasa ne. In tsari ya canza, mu sanar tun da wuri. In rasuwa aka yi, mu faɗa da tausasawa amma a fili. In kuma amsa ta zo mana a karkace, kafin hannu ya kai ga bulala ko alƙalami ya kai ga rahoto, mu tambayi kanmu: mene ne ainihin kalmomin da suka fito daga bakinmu? Iyayen da suka ga alamu kuwa, mu ba su shawara su nemi likitan yara ko na ƙwaƙwalwa tun da wuri.

'Yan'uwa, nan da 'yan shekaru a cikin wannan zaure za a sami malaman makaranta, da likitoci, da alƙalai, da jami'an 'yan sanda, da masu sa hannu a takardar ƙarin girma. Wata rana za a kawo gaban ɗayanku yaro ko ma'aikaci da aka ce ya cika taurin kai, alhali abin da ya yi shi ne ya ɗauki maganar mutane a bakin gaskiyarta. Tun daga 2008 duniya take ware ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara don wayar da kai a kan otizim, bisa shawarar Majalisar Ɗinkin Duniya. Muna ba ƙungiyarmu shawara ta shirya zama a wannan rana, ta gayyato masu lalurar da iyayensu, su su yi magana mu mu saurara, mu ji daga bakinsu waɗanne kalamai namu ne suka fi damunsu.